Faifan da Na Yi Ta Yanka da Reza

Hadiza ce ta tono maganar nan, ba tare da ta san abin da ta tono ba. Bara da babbar salla ta zo gida da kwamfutarta, ta zauna kusa da ni a kan tabarma ta ce in ga aikinsu, ita da abokan aikinta. Aikin nasu shi ne su ɗauki hoton kayan da ke gidan adana kayan tarihi ta kowace fuska, su haɗa a cikin na'ura, har mutum ya riƙa juya abu da ɗan yatsa kamar yana hannunsa. Sannan su kwashe tsofaffin faifan sauti su zuba a ciki kafin su ruɓe. Ta nuna mini akushi, ta nuna mini masaƙa, ina ta cewa madalla. Sai ga wata ganga ta fito, baƙa, fatarta ta yi ja saboda tsufa, da igiyar rataya mai ƙulle-ƙulle tun daga sama har ƙasa. Tun kafin ta gama juyowa na gane ta.

"Baba, wannan ce kaɗai ba mu da sautinta," in ji Hadiza. "A littafin ajiya an rubuta faifai na goma sha bakwai, ɗaukar Malam Idi, ya salwanta a hannun wanda ya ɗauka."

Ta rage murya don kada 'yan'uwanta su ji.

"Da gaske ne sayar da shi ka yi?"

A ranar cewa na yi da ita kaina ke ciwo. Ku 'ya'yana, na san dukkanku da wannan magana kuka tashi. An faɗa muku a makaranta, an faɗa muku a gidan biki, cewa ubanku ya sayar wa wani Bature kayan gwamnati aka kore shi daga aiki, har akwai masu rantsuwa da kuɗin na gina gidan nan mai ɗaki uku da ke yoyo duk damina. Fiye da shekara arba'in ban kare kaina ba. Mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, ita kaɗai ta san gaskiya, ta kuma tafi da ita. Yanzu gwiwata ta fara gaya mini lokaci, shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda abin ya faru, da laifina a ciki, don akwai laifina, sai dai ba wanda ake faɗa ba ne.

A lokacin naira ba ta daɗe da maye gurbin fam ba, ni kuma ina saurayin magidanci a Funtuwa, ina aiki da wani ofishi mai tattara kayan tarihi wanda tuni aka narkar da shi cikin wani. Kada ku ɗauka ni masani ne. Aikina in ɗaura rikoda a bayan babur in shiga ƙauyuka in ɗauko waƙar niƙa, da kiɗan maƙera, da labarin tsofaffi, in rubuta lamba a jikin faifan in aika. Rikodar nan irin mai faifai biyu ce, zaren sauti na warwarowa daga ɗaya yana naɗewa a ɗayan, nauyinta kamar dutsen niƙa, ga cin batir. Amma ina ji da ita, ina kuma ji da kaina. Gani nake duk abin da na ɗauka na cece shi daga mutuwa, kuma mutanen ƙauye godiya ya kamata su yi mini. Wannan girman kan ku riƙe shi a ranku, don shi ne ya ja komai.

Da kaka, bayan an gama yankan dawa, aka tura ni wani ƙauye a bayan Ƙarfi. Ba zan rubuta sunansa ba, jikokin mutanen suna nan. An ce akwai wani tsoho, Baba Tanko, mai gangar noma, kuma shi ne na ƙarshe a yankin da ya riƙe taken kowane manomi. Ku 'yan yanzu ba ku san take ba. A da idan an yi gayya, wato an taru a nome gonar mutum ɗaya, kowane namiji yana da ɗan guntun kiɗa nasa shi kaɗai, wanda ganga ke faɗin sunansa da kirarinsa a ciki. Idan aka buga taken mutum, ko loma ce a bakinsa sai ya ajiye ya miƙe ya ɗauki garma. Ba ado ba ne, kira ne, kuma ba a taɓa jin wanda aka kira ya ƙi amsawa ba.

Na sami Baba Tanko gajere, mai yawan barkwanci, da haƙori biyu a baki. Ya zagaya rikodata sau biyu yana leƙenta kamar mai sayen akuya, ya tambaye ni ko tana cin tuwo. Da muka zauna a gindin ɗorawar da ke bakin ƙauyen, maza suka kewaye mu, sai na lura kafin ya fara ya bi igiyar gangar da yatsunsa yana shafa ƙulle-ƙullen nan ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi.

"Baba, waɗannan ƙullin na mene ne?" na tambaye shi.

"Waɗanda suka huta ne, ɗan nan," ya ce. "Su ba ruwanmu da su yau."

Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. A littafina na rubuta, igiya mai ado. Da na ƙara tambaya ɗaya tak a wurin nan, da ba na zaune ina rubuta wannan labari.

Ya buga take talatin da ɗaya a ranar, na duk mazan ƙauyen da ke riƙe garma. Duk wanda aka buga nasa sai ya zabura ya ɗaga hannu, a yi ta shewa. Na goma sha biyu shi ne na Jatau, barden noman ƙauyen, dogo, mai faɗin kafaɗa, bahago. Gangar cewa take, bahago, ƙasa ta san hannunka. Ya miƙe yana dariya ya leƙa bakin makirufo ya ce in akwatin nan ya isa, ya zo gona su kama kunyar noma ɗaya su gani. Muna cikin haka sai ga wata tsohuwa ta fito daga cikin gari da ƙwaryar fura a hannu tana sauri, aka fashe da dariya. Mahaifiyarsa ce, Iya Kande. Tun yana saurayi, da ta ji takensa take dama fura ta bi shi gona, ko matarsa ba ta yarda ta kai masa ba. Ta ji kiɗa ta ɗauka gayya ake yi da kaka. Jatau ya karɓi ƙwaryar ya shanye a tsaye don kada ta ji kunya. Da aka gama, Baba Tanko ya dube ni ya ce ba za a bar baƙo ba take ba, ya ƙirƙiro mini nawa nan take: ɗan birni mai akwati, kaya ba naka ba, wuya naka. Aka yi ta yi mini dariya, faifan kuma yana juyawa, ya ɗauke shi a ƙarshe. Na yi musu alkawarin in ruwa ya sauka zan dawo su ji kansu.

Na ce ba zan aika da faifan ofis ba sai na cika alkawarin. Na koma bayan ruwa na uku, da hantsi, ƙasa na ƙamshi, an fara huɗa. Ban tsaya gaisuwa mai tsawo ba, don ina ɗokin in ga fuskokinsu. Na ajiye rikoda a gindin ɗorawar nan, na ƙure murya, na murɗa. Baba Tanko yana can bayan gari, aka tura a kira shi. Take na farko ya fito, mai shi ya yi tsalle yana riƙe baki. Na biyu, na uku, mata suka fito ƙofar gida, ana ta guɗa. Na lura daga wajen na tara dariyar ta fara raguwa, maza suna kallon juna, wani dattijo ya ɗaga hannu kamar zai yi magana. Ni kuwa na ɗauka mamaki ne ya kama su. Sai na goma sha biyu ya shigo.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, da rana tsaka, cikin mutum fiye da hamsin. Ba wanda ya miƙe. Ganga na ta kira a cikin akwati, bahago, ƙasa ta san hannunka, har ga muryar Jatau a bayanta yana dariya. Wata mata ta toshe kunnen ɗanta da tafukanta. Wani baƙin kare da ke kwance a inuwa ya tashi, bai yi haushi ba, ya kama hanyar gonaki a guje yana kaɗa wutsiya. Can na hango Baba Tanko yana tahowa da gudun da ban zaci tsoho zai iya ba, yana ɗaga hannu biyu.

"Kashe! Kashe shi, ɗan nan!"

Na danna, kiɗan ya yanke a tsakiyar take. A cikin shirun ne muka ji takun ƙafa. Iya Kande ce, ta rame har na kusa kasa gane ta, da ƙwaryar fura a hannu. Ba ta dubi kowa ba, ta ratsa ta tsakiyarmu ta bi hanyar da karen ya bi. A nan ne wani ya raɗa mini cewa Jatau ya rasu da bazara, zazzaɓin kwana huɗu.

Muka bi ta, ni da Baba Tanko da wasu dattawa uku. Gonar Jatau tana nan yadda ya bar ta, ba a taɓa ta ba, don 'yan'uwansa sun ce sai sun gama nasu tukuna. Ciyawa ta fara tsirowa ko'ina. Amma daga gefen gabas akwai kunya guda ɗaya sabuwa, ƙasarta baƙa, jiƙaƙƙiya, tsutsotsi na motsi a cikinta. Ta taso daga bakin gona ta miƙe sak, ta zo tsakiya ta tsaya cak, kamar an riƙe hannun mai yin ta. Ni ba manomi ba ne, ban ga wani abu ba sai da ɗaya daga dattawan ya tsuguna ya nuna gefen da ƙasar ta kwanta. Huɗar bahago daban take kwanciya, kuma a duk ƙauyen bahago ɗaya ne. Iya Kande ta ajiye ƙwaryar a daidai inda kunyar ta tsaya, ta zauna a ƙasa tana jira, karen ya kwanta kusa da ita.

Ku saurara, ni Musulmi ne, na kuma san wanda ya mutu ba ya dawowa. Na tambayi malamai daga baya, duk abin da suka gaya mini ke nan, na kuma yarda. Na yi shekaru ina neman wanda ya yi kunyar nan. Na ce ko ƙanensa ne ya fara da sassafe ya fasa, amma ƙanen da dama yake noma, kuma ya rantse bai taka gonar ba. Ban ce muku ga abin da ya faru ba. Abin da idona ya gani kawai nake rubutawa.

Baba Tanko ya ja ni zauren gidansa. Babu barkwanci a fuskarsa ranar. Ya bayyana mini abin da ya kamata in tambaya tun farko. Idan manomi ya mutu, ran kwana bakwai makaɗi yakan je bakin gonarsa ya buga takensa sau ɗaya, ya danne fatar gangar da tafin hannu, ya ƙulla ƙulli a igiya. Daga nan an rufe taken, ba a ƙara buga shi har abada, don mutumin ya yi nomansa ya gama, a bar shi ya huta. Ya nuna mini ƙullin ƙarshe, igiyar wurin ba ta ma yi duhu ba.

"Ni na rufe na Jatau da hannuna," ya ce. "Akwatin nan naka, ya san mutuwa?"

"Bai sani ba, Baba."

"To mi ya sa ka ba shi sunayen mutane? Mutum talatin da ɗaya ne a ciki, kowa da ranar shi. Ni in na ji wane ya tafi, hannuna ya san ya tsallake shi. Shi wa zai hana shi? Ko ka koya mashi, ko ka bar shi nan mu sa mashi wuta."

Na roƙe shi ya ba ni mako guda. Na ce akwai yadda ake yanke wuri ɗaya a zaren a haɗe sauran, zan zo in yanke na Jatau a gabansa.

Da na dawo Funtuwa na ba mahaifiyarku labari. Lokacin tana da cikin Yaya Sani. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tashi ta ɗauki faifan da gefen zanenta, kamar mai ɗauke tukunya daga wuta, ta kai shi zaure.

"Malam, abin nan ba zai kwana ɗaki ɗaya da ni ba," ta ce. "Amma ka tuna kayan ofis ne, kuma da aikin nan muke ci. Ka yi abin da tsohon ya ce, ka kuma je ka gaya wa manyanka gaskiya."

Shawara mai kyau ta ba ni, sai na tsallake ta na tafi wurin Lasisi. Kun san shi, Baba Lasisi mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, Bayarabe haifaffen Funtuwa wanda Hausarsa ta fi tawa. Mutumin kirki ne, kuma abin da ya ba ni shawara da zuciya ɗaya ya ba ni. Ya koya mini yadda ake yanka zaren a karkace da reza a liƙe da salatif. Sannan ya dube ni ta saman tabaronsa.

"Malam Idi, ai asara ce ka lalata abu irin wannan. Tsohon nan in ya mutu shi ke nan. Kawo in juye maka a wani faifan, ka yanka wancan a gabansu, ka aika da wannan ofis. Kowa ya samu nasa."

"In an juye ai sai ya yi kiɗan," na ce.

"Ina! Ta waya ake yi, daga wannan na'ura zuwa waccan. Ba a jin komai."

Na yarda tun kafin ya rufe baki, don abin da zuciyata ke so ke nan. Na gaya wa kaina cewa tarihi nake ceto, kuma Funtuwa ina, bayan Ƙarfi ina. Muka zauna muna shan shayi faifai biyu na juyawa shiru. Ran Juma'a na koma ƙauyen, na yanke taken Jatau a gaban Baba Tanko da dattawa, zare wajen kamu shida. Tsohon ya naɗe shi a yatsa, ya je ya binne a bakin gonar, ya dawo ya dafa kaina ya sa mini albarka. Na sunkuyar da kai na karɓi albarkar, alhali na san akwai wani faifan cikakke a ƙarƙashin gadona. Har yau in na tuna nauyin hannunsa a kaina sai kunya ta rufe ni.

Ran Talata da hantsi na ce bari in gwada kwafin kafin in aika, kada ya zama Lasisi ya juye mini iska. Na rufe ƙofa, na rage murya har sai na kara kunne. Ya fito tas. Da ya zo na goma sha biyu hannuna ya tafi zai danna, sai na ce wa kaina, kai Idi, ɗan boko da kai. Na bar shi ya buga tun daga farko har ƙarshe. Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Sai dai mahaifiyarku da ke daka a tsakar gida ta tsaya, ta turo ƙofa da taɓarya a hannu, fuskarta ta canza.

"Malam, me ka kunna? Tsigar jikina ce ta tashi gaba ɗaya."

Na ce waƙar maƙera ce. Wannan ce ƙarya ta biyu.

Bayan kwana tara na koma ƙauyen don in ɗauki waƙar niƙa ta mata, hankalina kwance. Tun daga nesa na ga ba kowa a gindin ɗorawa. Yaran da suka saba bin babur ɗina suka tsaya a ƙofar gidajensu suna kallona. Na sami Baba Tanko a zaure da gangar a cinyarsa. Na yi sallama, ya amsa, bai ce in zauna ba.

"Ran Talata waccan da hantsi, ina kake?"

Na ce ina gida.

"Kande tana zaune cikin mata ana sussukar gero, ta miƙe ta ce an kira ɗanta. Su ba su ji komi ba. Ni ma ban ji ba, ga gangata a rataye. Ta dama fura ta fita, suka ɗauka ta shiga maƙwabta. Sai bayan azahar aka same ta a gona, rana ta gama da ita. Kwana uku ta yi ba ta san wanda ke kanta ba. Mun rufe ta ran Juma'a."

Ya tashi ya ce in biyo shi. Ban so zuwa ba, amma ƙafata ta bi shi. Kunyar nan da ta tsaya a tsakiya ta ƙarasa har ƙarshen gona, a miƙe, ƙasar ta kwanta gefen hagu tun daga farko har ƙarshe. Sauran gonar ciyawa ce har gwiwa. A can ƙarshen kunyar ƙwaryar tana nan a kife, ba wanda ya yarda ya ɗauko ta. Na durƙusa a wurin na gaya masa komai, da Lasisi, da kwafin, da ranar Talata. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a mutuwar mahaifina. Ko kiɗan ne ya kira ta, ko tsufa da baƙin ciki ne suka fitar da ita a daidai wannan sa'a, Allah ne Ya sani. Ni dai na san na yi wa tsoho ƙarya, na kuma san rana ta kashe tsohuwa tana jiran ɗanta ya sha fura.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi:

"Na ba ka take da bakina, ban san gaskiya na faɗa ba. To ka ɗauki kayan. Ka ƙone wancan da aka juye. Wanda ka yanka a gabanmu kuma ka riƙe shi a hannunka, kar ka ba kowa. Duk wanda ya huta za a aiko maka, ka zo ka cire shi."

A ranar na ƙone kwafin a murhun mahaifiyarku, wari ya cika gidan. Na gaya mata gaskiya, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ran na uku ta ce in na ba ofis faifan ba ta yafe ba. Ta san abin da take faɗa, ta san da me za mu biya. Shugabana a ofis mutumin arziki ne, sau uku yana kirana yana tambayar faifai na goma sha bakwai. Na san idan na ce yana hannuna dole ya karɓa, aikinsa ke nan, kuma za a juye shi, a sa a rediyo, a buga wa baƙi, shekara da shekaru, har bayan duk talatin da ɗayan sun kwanta. Idan kuma na ba shi labarin kunya da ƙwaryar fura, zai ce in je asibiti. Sai na ce ya faɗi daga bayan babur. Ya dube ni ya ce, Malam Idi, kai ba ka iya ƙarya ba. Bai sani ba na riga na ƙware. A wannan shekarar wani Bature mai bincike ya ratsa yankin yana sayen kayan gargajiya, mutane suka haɗa biyu da biyu. Aka sallame ni wata guda kafin a haifi Sani, ragon sunansa ma Lasisi ne ya kawo.

A shagon Lasisi na koyi gyaran rediyon da na ciyar da ku da shi. Saƙo yakan zo ran kasuwa, ta bakin masu kawo auduga, cewa wane ya huta. Sai in ɗauki rikoda da reza in hau mota. Ran kwana bakwai Baba Tanko ya buga a bakin gona ya ƙulla ƙullinsa, ni kuma in yanke nawa in liƙe, mu binne zaren. Shekara shida muka yi haka tare. Da ya rasu, 'ya'yansa ba wanda ya gaji kiɗan, gayya ma ta fara mutuwa, suka ba gidan tarihi gangar. Daga nan ni kaɗai na ci gaba. In kunna taken mutum sau ɗaya a bakin gonarsa, in kashe, in yanke. Kuna ganina ina fita da jaka kuna cewa Baba ya tafi gyara ƙauye. Faifan da ya cika hannu ya yi ta raguwa, duk jikinsa tabon salatif, har na talatin da ɗaya ya tafi, wani tsoho da ya kai kusan ɗari.

Saura take ɗaya a jiki, na ƙarshe, wanda aka yi don a yi dariya.

Hadiza, ba na raina aikinki. Na ga yadda gangar nan ke juyawa a kwamfutarki, har ƙullin Jatau na gane, kuma na ji daɗi da za a gan ta bayan ba mu. Ki bar ta ta yi ta juyawa. A wurin sauti ki rubuta abin da ƙulle-ƙullen suke nufi, ki goge inda na ce ado ne, wannan gyaran shi ne abin da tarihi ke bina. Faifai na goma sha bakwai kuwa bai salwanta ba. Yana cikin gwangwanin alewa a ƙasan akwatin mahaifiyarku, rikodar tana kan sif, duk shekara ina saya mata sabon batir. Idan na huta, ran kwana bakwai, ku ɗauke su ku je 'yar gonata ta hanyar Maska. Ku tsaya a bakinta da rana, ku kunna sau ɗaya. Za ku ji wani tsoho yana tsokanar wani saurayi mai girman kai, mutane suna dariya, kuna iya yin dariyar ku ma. In ya ƙare ku kashe, ku warware zaren ku binne a wurin. Na ɗauki kayan nan ya isa, ina so in ajiye.

Na san ki, 'yata, halina kika ɗauko. Za ki riƙe gwangwanin nan ki ce shi kaɗai ya rage a duniya na hannun Baba Tanko, asara ce. Wani abokin aikinki mai kirki zai ce ki kawo a juye kafin a binne, minti ɗaya ne, ta waya ake yi, ba a jin komai. Ni ma haka aka ce mini.